Paul Cézanne: Rayuwar Mai Zane a Titunan Garin Aix

An haifi Paul Cézanne ranar 19 ga Janairu, 1839, a Aix-en-Provence, tsohon gari a kudancin Faransa wanda Rumawa suka kafa fiye da shekara 120 kafin miladiyya saboda maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da ke wurin. A nan kuma ya rasu cikin Oktoba na 1906. Garin ya kafa ƙusoshin tagulla masu harafin C a daɓen titunansa, ta yadda baƙo zai bi su da ƙafa daga gidan da aka haifi mai zanen a titin Opéra har zuwa ɗakin aikinsa. Wannan karramawa ta zo a makare, domin sa'ad da Cézanne ke raye mutanen Aix ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai dai ɗan attajiri mai baƙin hali da ke ɓata fenti.

Mahaifinsa, Louis-Auguste, ya fara da sana'ar huluna a Cours Mirabeau, babban titin garin mai inuwar itatuwa da maɓuɓɓugai, kafin ya buɗe banki a 1848. Ya yi kuɗi, amma tsofaffin gidajen Aix ba su daina kallonsa a matsayin mai huluna ba. Burinsa ɗansa ya zama lauya, saboda haka Paul ya shiga sashen shari'a na jami'ar garin, yana kuma zuwa makarantar koyon zane da ke gidan tarihi, wanda yanzu ake kira Musée Granet. A 1861 uban ya sassauta, ya bar shi ya tafi Paris. Sassaucin bai kai ga 'yanci ba, domin Cézanne ya ci gaba da dogara da kuɗin da ake aiko masa har ya haura shekara arba'in. Tsoron kada a yanke wannan tallafi ya sa ya ɓoye wa uban zamansa da Hortense Fiquet da ɗan da suka haifa a 1872. Da asiri ya tonu a 1878, uban ya rage kuɗin, sai abokinsa Émile Zola ne ya riƙa agaza masa.

Wannan abota ta faro ne a 1852 a Collège Bourbon, makarantar da yanzu ake kira Collège Mignet, kuma tana kan hanyar ƙusoshin. Yaran biyu sun saba fita bayan gari, su yi iyo a kogin Arc, su karanta waƙoƙi, kuma a lokacin Cézanne ma yana rubuta nasa. Zola ya zama shahararren marubucin ƙagaggun labarai, ya mayar da Aix garin Plassans a cikin littattafansa. A 1886 ya fitar da L'Œuvre, labarin wani mai zane da ya kasa cim ma burinsa har ya kashe kansa. An daɗe ana koyar da cewa wannan littafi ne ya raba su nan take, sai ga wata wasiƙa ta 1887 daga Cézanne zuwa Zola ta ɓulla a 2013, ta nuna zumuncin bai yanke a ranar da aka ɗauka ba. Masu nazarin adabi da ke gaggawar ɗaukar tauraron labari a matsayin hoton mutum na zahiri suna da abin lura a nan. A wannan shekara ta 1886 ce dai ya auri Hortense, mahaifinsa ya rasu, gado ya raba shi da damuwar kuɗi.

Paris ba ta karɓe shi da wuri ba. Ya koyi aiki a fili a wajen Camille Pissarro, ya baje zanensa tare da masu salon Impressionnisme a 1874 da 1877, aka yi masa ba'a, ya janye. Sai a 1895 dillalin zane Ambroise Vollard ya shirya masa baje koli nasa shi kaɗai.

Shekarunsa na ƙarshe su ne suka fi nauyi, kuma kusan dukkansu a Aix ya yi su. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, an sayar da Jas de Bouffan a 1899, gidan gonar da iyalin suka riƙe shekara arba'in, inda ya yi zane har a bangon babban falo. Ya koma haya a lamba 23, titin Boulegon, ya sayi fili a tudun Les Lauves a 1901, aka gama gina masa ɗakin aiki a 1902. Kusan kullum yakan fito da sassafe, ya wuce majami'ar Saint-Sauveur, ya hau tudun, ga tsufa ga ciwon sukari. Ɗakin yana da ƙatuwar taga ta fuskar arewa don haske maras sauyawa, da doguwar tsaga a bango wadda ake fitar da manyan zane ta cikinta. Idan ya ƙara hawa sama kaɗan, sai dutsen Sainte-Victoire ya bayyana, mai tsayin mita 1,011. Ya zana dutsen nan sau gommai, da fentin mai da na ruwa, kuma bai yi haka don ƙarancin abin zanawa ba. Abin da yake nema shi ne yadda launi kaɗai, tabo kusa da tabo, zai gina nisa da nauyi ba tare da dogaro ga layi da inuwa irin na makaranta ba. Daga wannan nema ne Picasso da Braque da Matisse suka ɗebi abin da suka ɗiba.

Ranar 15 ga Oktoba, 1906, ruwan sama ya same shi yana aiki a fili, ya faɗi, aka kawo shi gida a keken masu wanki. Washegari ya koma kan hoton Vallier, mai kula da lambunsa. Bayan kimanin mako guda ciwon huhu ya yi ajalinsa, aka binne shi a maƙabartar Saint-Pierre.

Mai bin ƙusoshin zai ga gidaje da tituna da dutsen, amma zanen kansa kaɗan zai gani. Henri Pontier, wanda ya shugabanci gidan tarihin garin har zuwa 1925, ya ƙi yarda aikin Cézanne ya shiga can, kuma kafin ra'ayi ya sauya, manyan ayyukan sun riga sun tafi Paris da Landan da Mosko da biranen Amurka. Ɗakin Les Lauves ma baƙi ne suka cece shi: bayan rasuwar Marcel Provence, wanda ya saye shi a 1921 ya adana kayan ciki, John Rewald da James Lord suka tara kuɗi daga masoyan mai zanen a Amurka, suka saye shi, suka miƙa wa jami'ar Aix-Marseille, aka buɗe shi ga jama'a a 1954. Musée Granet kuwa sai a 1984 gwamnatin Faransa ta ajiye masa zane takwas na Cézanne, shekara 78 bayan rasuwarsa.