Dr. Andrew Stirrett, Bature Mai Magani (1865–1948)

A wannan Jubili ya kamata mu tuna da bawan Ubangiji Dr. Andrew Stirrett, wanda iyayenmu suka sani da Bature Mai Magani. Mutumin Kanada ne, mai shagunan magani a Toronto. Ya ba Mishan na SIM dukiyarsa, ya iso ƙasarmu a 1902, ya soma aiki a Patigi. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932.

Abin da ke ba mu kunya, mu shugabannin yau, shi ne bai nemi kujerar girma ba. Har tsufansa yakan tsaya a kasuwar Jos yana shelar bishara, ko da masu karɓa kaɗan ne. A Jos ya rasu a 1948.