Elizabeth Cotten, Bahaguwar da ta Riƙe Gitar a Juye

Duk wanda ya zauna koyon kaɗa gitar da yatsu tsura, ko a Amurka ne ko a Ingila ko a Faransa, da wuya ya yi nisa malaminsa bai ɗora shi bisa wata waƙa mai suna Freight Train ba, wato jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya. Da yawa daga cikin masu koyon nan suna zaton waƙar gargajiya ce wadda ba a san mafarinta ba. Alhali kuwa tana da mai ita. Wata yarinya baƙar fata ce, 'yar aikatau, ta tsara ta tun ba ta wuce shekara 12 ba, kuma saura kaɗan a raba ta da ita har abada.

An haife ta cikin watan Janairu na shekara ta 1893 a gefen garin Chapel Hill, cikin jihar Karolina ta Arewa, a kudancin Amurka. Shekara 28 ke nan bayan da aka hana bauta a ƙasar, amma wariya tsakanin farare da baƙaƙe tana nan da ƙarfinta. Ita ce auta cikin 'ya'ya 5 na gidan Nevills. A gida ba a kiranta da wani suna sai na lele irin wanda ake yi wa ƙanwa. Ranar da aka kai ta lakwal, malamar ta tambaye ta sunanta, sai ta zaɓi Elizabeth, ya kuwa bi ta. Ita ta raɗa wa kanta suna ke nan, ba da rago ba, ba da wanzami ba.

Wanta yana da banjo. Banjo abin kiɗa ne mai fata da dogon wuya, dangin gurmi da molo, kuma asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, waɗanda suka riƙa ƙera shi da duma a can ƙetaren teku. In wan nata ya tafi aiki sai ta ɗauko shi a ɓoye ta yi ta kaɗawa, wani lokaci har ta tsinka masa tsirkiya. Ba ta daɗe a lakwal ba aka fitar da ita, ta shiga aikatau gidajen farare, shara da wanke-wanke da reno. Ladanta a wata santi 75 ne, wato kashi uku cikin huɗu na dala ɗaya, daga baya aka cika mata dala. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma 5 da aka saba da ita a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba. Daga cikin wannan lada ta tara dala 3 da santi 75, aka saya mata gitar, ta riƙa kiranta Stella. In an lissafa da ladanta na farko, gumin wata 5 ke nan cur.

To, a nan ne abin da ya sa sunanta ya shiga tarihi ya faru. Elizabeth bahaguwa ce. Gitar kuwa tana da tsirkiya 6, kuma an jera su ne domin mai hannun dama: masu kauri, masu babbar murya, suna sama wajen fuskar makaɗi, sirara masu zaƙin murya suna ƙasa wajen cinya. Hannun hagu yana danne tsirkiyoyi bisa wuyan gitar, hannun dama yana kaɗawa. Bahago in ya sami mai nuna masa, ɗayan biyu yakan yi: ko ya tilasta wa kansa kiɗa da dama, ko ya kwance tsirkiyoyin duka ya sake jera su. Ita ba ta da malami, babu kuma wanda ya damu da abin da 'yar aiki take yi da dare. Sai kawai ta juya gitar, wuya ya koma dama, ta bar tsirkiyoyi yadda ta same su. Masu kauri suka koma ƙasa, sirara suka hau sama. Duk wani kamun yatsu da sauran makaɗa suka sani ya zama ba shi da amfani gare ta, sai da ta nemo nata ɗaya bayan ɗaya da kunne.

Ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan kiɗa yake, don ya gane girman abin da ta yi. A hannun mai dama, babban yatsa ne yake riƙe da tushen kiɗa. Yana tafiya yana dawowa tsakanin tsirkiyoyi biyu masu kauri, bugu huɗu-huɗu, ba ya sauri ba ya jinkiri, kamar taɓarya cikin turmi. Manuni da na tsakiya su ne suke fitar da karin waƙa bisa sirara, wani lokaci su faɗa tare da babban yatsa, wani lokaci su kutsa tsakanin bugu da bugu. Wanda ya taɓa jin lugude ya san abin: kowace mace da lokacinta, in ɗaya ta saurari 'yar'uwarta fiye da kima sai taɓare su haɗu. Wahalar mai koyo ke nan. Da zarar hankalinsa ya koma ga karin waƙa sai babban yatsa ya tsaya cik, ko ya bi manuni kamar raƙumi da akala. Shi ya sa malamai suke sa ɗalibi ya yi kwana da kwanaki yana kaɗa tushen shi kaɗai, har ya iya yin hira yana yi, kāna a ƙara masa sauti ɗaya, sa'an nan biyu.

A hannun Elizabeth aikin ya juye. Manuninta na hagu ne yake jan masu kauri daga ƙasa, babban yatsanta kuma, wanda ya fi kowane tsoka da nauyi, shi yake rera karin bisa sirara. Saboda haka karin nata yakan fito da taushi da cika, tushen kuwa ya fito da sauƙi, ba ya danne shi. Mai hannun dama yana iya kwaikwayon kowane sauti nata daidai, amma da wuya ya sami wannan amo, domin yatsun da suke aikin ba su ne ba. Akwai hotunanta masu motsi da aka ɗauka tana tsohuwa, kuma ba su cika taimakon ɗalibi ba. Ko ya kalle su ta madubi, hagu ce kurum za ta koma dama, tsirkiyoyin suna nan a kife.

Gidansu yana kusa da hanyar jirgin ƙasa, tana jin wucewarsa da dare tana kwance. Daga nan waƙar ta fito. Tafiyar tushen kiɗan irin tafiyar jirgin ce, maganar cikinta kuma ta mai son ya ɓace ba a san inda ya nufa ba, da mai roƙon in ya mutu a binne shi inda zai riƙa jin jirgi. Abin mamaki ne irin wannan tunani ya fito daga bakin yarinya. Kamun waƙar huɗu ne: Do, Sol, Mi da Fa. Biyun farko kowa yakan same su da sauƙi. Na Mi shi ne baƙo, yana faɗowa inda kunne bai zata ba, ya buɗe waƙar, kāna Fa ya mai da ita gida, kuma a daidai wannan gaɓa ne yatsun masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Cikin shekara ta 1910 ta auri Frank Cotten, suka sami 'ya ɗaya, Lillie. Dattawan majami'arsu suka nuna mata cewa waƙoƙin duniya ba su dace da mai ibada ba. Ta gwada kaɗa na addini kaɗai, abin bai gamshe ta ba, ga kuma ɗawainiyar gida. Sai ta ajiye gitar, ajiyar da ta wuce shekara 25. Ta yi aikatau a Niyu Yok da Washinton, auren ya mutu wajen 1940, ta koma zama wurin 'yarta da jikoki.

Cikin shekarun 1940 ta sami aiki na ɗan lokaci a wani babban kanti a Washinton, tana sayar da 'yan tsana. Wata rana ta ga wata yarinya ta ɓace wa uwarta cikin kantin tana kuka, ta kama hannunta ta mai da ita. Uwar ita ce Ruth Crawford Seeger, mai tsara kiɗa, matar Charles Seeger, masanin kiɗe-kiɗen al'ummomi. Yarinyar kuwa Peggy ce, ƙanwar Mike, kuma mahaifinsu ɗaya da shahararren mawaƙin nan Pete Seeger. Ruth ta ɗauke ta aiki a gida, girki da wanki da kula da yara. Autar gidan ba ta iya faɗin Elizabeth ba, sai ta riƙa cewa Libba, wannan suna kuma ya bi ta har kabari.

Gida ne da kayan kiɗa suke rataye ko'ina, kuma sana'ar masu gidan ita ce tattara waƙoƙin talakawan Amurka. Duk da haka ta yi shekaru tana yi musu tuwo da miya irin nasu ba su san wadda ke cikin madafarsu ba. Ba ta faɗa ba, su ma ba su tambaya ba, kuma wannan ba ƙaramin abin lura ba ne game da masana. Sai wata rana ta sauko da wata gitar daga bango ta shiga lalubar abin da yatsunta suka manta, Peggy ta same ta a kai. Daga nan yaran gidan suka zama ɗalibanta.

Peggy ta tafi Ingila cikin 1956 tana rera waƙar jirgin a wuraren taruwar matasa. Wani makaɗi, Chas McDevitt, da mawaƙiya Nancy Whiskey suka yi faifanta, cikin 1957 ya hau har matsayi na 5 a jerin faya-fayan da aka fi saye a ƙasar, ya kuma ƙetara Amurka. Amma da aka zo rubuta masu waƙar, sunayen wasu mutane biyu aka sa. A Turai da Amurka wannan ba maganar yabo kaɗai ba ce: duk faifan da aka sayar, duk sakin da aka yi a radiyo, akwai kason da yake zuwa ga wanda sunansa yake a rubuce. Waƙar tana tara wa wasu kuɗi, mai ita tana goge tufafi a gidan mutane. Ba ta da takarda ko ɗaya, ba ta san rubutun kiɗa ba, shaidarta kaɗai ita ce yatsunta da mutanen da suka ji ta. Iyalin Seeger suka tsaya mata, aka yi ta ja, daga ƙarshe aka sasanta aka mai da sunanta bisa waƙarta. Da a ce wani gida ta faɗa ba wannan ba, da wuya maganar ta kai ko'ina.

A daidai wannan lokaci Mike Seeger ya riƙa zuwa da akwatin ɗaukar magana har ɗakin kwananta, yana ɗaukar kiɗanta jikoki suna zaune shiru. Kamfanin Folkways ya fitar da faifan cikin 1958, tana da shekara 65. A ciki akwai kiɗe-kiɗen da take sake ɗaurin tsirkiyoyi dominsu, ta yadda in an kaɗa su duka ba tare da danna kome ba sai su ba da kamu cikakke, irin su Vastopol. Faifan ya faɗo daidai lokacin da samarin jami'o'in Amurka suka juya ga waƙoƙin karkara, sai ya zama musu allo. Suka riƙa mai da allura baya suna saurare har faifai ya gaji, suna neman inda kowane yatsa ya sauka, da yawansu ba su ma san a juye take riƙe da gitar ba. Salon ya sami suna daga sunanta.

Cikin 1960 ta fara hawa dandali, tare da Mike, a kwalejin Swarthmore. Daga nan aka riƙa gayyatarta manyan bukukuwan waƙa, har da na Newport. Ƙungiyar Peter, Paul and Mary ta rera waƙar jirgin cikin 1963. Ita kuma ba ta tsaya ga tsofaffin waƙoƙinta ba. Cikin 1967 ta fitar da Shake Sugaree, wadda ta haɗa tare da 'ya'yan jikokinta lokacin da take lallashinsu su yi barci, ɗaya daga cikinsu ce ma ta rera ta a faifan. Muryarta ta tsufa, tana rawa, wani lokaci ba ta kai inda ta nufa ba, amma hannun bai taɓa kuskuren lokaci ba. A dandali takan ba da labarin ƙuruciyarta tsakanin waƙa da waƙa, ta sa jama'a su amsa mata.

Cikin 1984 hukumar kula da fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa ta masu riƙe da al'adun gargajiya. Cikin 1985 ta sami kyautar Grammy saboda wani faifai da aka ɗauka tana kiɗa gaban jama'a, tana da shekara 92. Ta ci gaba da hawa dandali har kusan ƙarshen ranta. Ta rasu ran 29 ga watan Yuni na 1987 a birnin Syracuse, cikin jihar Niyu Yok, inda ta zauna shekarunta na ƙarshe, tana da shekara 94. Cikin 2022, shekara 35 bayan rasuwarta, aka shigar da sunanta zauren tunawa da manyan makaɗan rok na Amurka, a sashen magabatan da aka ɗebi kiɗa daga hannunsu.