Tunawa da Marigayi Malam Sa'adu Zungur

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani ɗan boko da ya ƙi yarda iliminsa ya raba shi da talakawa, wato Malam Sa'adu Zungur.

An haife shi a Bauchi, a gidan malamai, inda ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan addini. Daga nan ya shiga Kwalejin Katsina, kuma a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas. A wancan zamani mai irin wannan ilimi yana iya kwantar da kai a En'e ya ci albashinsa lafiya. Shi kuwa da ya zo koyarwa Zariya, sai ya tara matasa 'yan boko suna tattauna zaluncin mulkin mallaka da na En'e.

Ciwon huhu ya mayar da shi Bauchi, amma bai rufe masa baki ba. A can ya haɗu da Malam Aminu Kano, suka ci gaba da wayar da kan jama'a. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a Legas, daga baya ya kasance cikin masu yi wa NEPU jagora, wadda aka kafa a Kano a 1950. A waƙarsa, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya gargaɗi sarakuna da su yi gyara tun kafin a yi musu. Ya rasu a 1958, bai kai shekara 45 ba, bai kuma ga ranar 'yancin kai ba.

Amma irin da ya shuka ya tsiro har a gonakinmu. Iyayenmu manoman auduga na Funtuwa da Malumfashi sun san yadda haraji da jangali ke cinye gumin shekara. A 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, gwamnatin PRP ta Alhaji Balarabe Musa, magajiyar NEPU, ta soke su duka biyu.

Mu ma da kuɗin talakawa aka gina ajujuwan da muka zauna. Saboda haka ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa abin da manomin ƙauyensu ya amfana da shi daga karatunsa.

Allah ya jiƙan Malam Sa'adu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.