Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya fara nazarin ƙananan ƙwayoyin zinare

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, a Gure ko a Kano, ya san jan layin nan da ke fitowa. A yawancin kayan gwajin, ƙananan ƙwayoyin zinare ne ke ba da launin. Michael Faraday ne ya fara nazarinsu a kimiyyance.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne marar ƙarfi, don haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki.

A 1812 ya halarci laccocin masanin sinadarai Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution.

A 1831 Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya yana samar da lantarki. A kan haka janareta ke aiki har gobe.

A 1857 ya gabatar da bincikensa kan zinare. Ya narkar da gishirin zinare a ruwa, ya sa masa sinadarin fosforas, sai ruwan ya koma ja. Madubin bincike na zamanin bai iya nuna komai a ciki ba, amma da ya haska ruwan sai ya ga hanyar hasken. Daga nan ya fahimci cewa zinaren yana nan a ƙwayoyi ƙanana ainun, kuma ƙanƙantarsu ce ta sauya launin.

Wannan fahimta, cewa abu kan sauya hali idan ya ƙanƙance, ita ce ginshiƙin fasahar nano. Yau masana na jera tarin ƙwayoyin zarra su zama wayoyi da suka fi silin gashi siranta sau dubbai, domin na'urorin gano iskar gas da kayan lantarki.

Faraday ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society har sau biyu. Ya mutu ranar 25 ga Agusta, 1867. Kwalaben jan ruwan da ya haɗa suna nan ajiye a cibiyar da ya yi aiki.