JACOB GRIMM DA NAZARIN ASALIN KALMOMI

Duk ɗalibin da ya karanta Dokar Klingenheben, wadda ta bayyana yadda "sabro" ya koma "sauro", ya kamata ya san mutumin da ya share fagen irin wannan nazari, wato Jacob Grimm.

An haife shi a garin Hanau na ƙasar Jamus a 1785. Mahaifinsa ya rasu a 1796, gidansu ya shiga talauci. Duk da haka ya karanta shari'a a Jami'ar Marburg, sannan ya kama aikin laburare a Kassel. Shi da ƙanensa Wilhelm suka tattara tatsuniyoyin Jamusawa, suka buga su a 1812.

Babban aikinsa shi ne littafin nahawun Jamusanci. A bugu na biyu, na 1822, ya faɗaɗa abin da Rasmus Rask ɗan ƙasar Denmark ya hango, ya nuna cewa baƙaƙen harsunan dangin Jamusanci sun sauya ne bisa ƙa'ida. Alal misali, /p/ ya koma /f/, shi ya sa "pater" na Latin ya yi daidai da "father" na Ingilishi. Haka nan /bh/ ya koma /b/.

Kalmar ƙirji ta isa misali. Bajamushe yana cewa "Brust", Bature ɗan Ingila yana cewa "breast", a harshen Gothic kuwa "brusts". Masanan da suka biyo baya sun bi wannan ƙa'ida, suka danganta su da saiwar *bhreus-, mai ma'anar kumbura ko tohowa. Saiwar ce ake jin ta ba da kalmar ciki a tsohon harshen Ayalan da kuma Rashanci. Ke nan an raɗa wa ƙirji suna ne saboda tudunsa.

A 1837 Sarkin Hanover ya soke tsarin mulki. Grimm da malamai shida na Jami'ar Göttingen suka rubuta ƙin amincewarsu, aka kore su daga aiki, shi kuma aka fitar da shi daga ƙasar. Wannan zaman rashin aiki ne ya sa 'yan'uwan biyu suka karɓi aikin rubuta ƙamus na Jamusanci. Kundi na farko ya fito a 1854. Grimm ya rasu a Berlin a 1863 yana kan harafin F, ba a kuwa kammala ƙamus ɗin ba sai a 1961.

Darasin da ya bar wa mai nazarin Hausa shi ne, kamannin kalmomi biyu bai isa hujjar dangantaka ba sai an nuna ƙa'idar da ta haɗa sautukansu.