Ranald MacDonald (1824–1894): Fursunan Da Ya Koya Wa Jafanawa Turanci

Kowace shekara, ran 6 ga watan Fabrairu, Ekklesiya takan tuna da Waliyyi Bulus Miki da abokansa, shahidai 26 waɗanda aka gicciye a kan wani tudu a birnin Nagasaki na ƙasar Jafan cikin shekara ta 1597. Yawancinmu ba mu san sunan wannan birni ba sai ta dalilin waɗannan bayin Allah, ko kuwa ta dalilin bom ɗin da aka jefa masa a 1945. Amma akwai wani baƙo da ya taɓa zama a tsare a Nagasaki, wanda labarinsa ya cancanci mu ji shi. Shi ba waliyyi ba ne, ba ma ɗan Katolika ba ne, bai kuwa taɓa taka ƙofar jami'a ba. Duk da haka shi ne mutum na farko mai Turanci a matsayin harshen gida da ya koyar da Turanci a ƙasar Jafan. Sunansa Ranald MacDonald.

An haife shi ran 3 ga Fabrairu 1824 a wata tashar ciniki da ke bakin kogin Kolumbiya, inda garin Astoria yake a yau cikin jihar Oregon ta Amurka. Mahaifinsa, Archibald McDonald, mutumin Sikotlan ne, ma'aikacin kamfanin Hudson's Bay mai sayen fatun namun daji. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Comcomly ce, sarkin ƙabilar Chinook, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Ta rasu yana jariri, sai matar ubansa, Jane Klyne, ta rene shi kamar ɗan cikinta. Da ya tasa aka kai shi makarantar mishan ta Anglikan a Red River, inda birnin Winnipeg na Kanada yake a yanzu. Iyakar karatunsa ke nan. Yana da wajen shekara 15 aka tura shi garin St. Thomas ya koyi aikin akawu a banki, amma zaman kujera da lissafin kuɗin mutane bai karɓe shi ba. Ya bar aikin, ya shiga jirgin ruwa ya zama matuƙi.

A wancan zamani Jafan ƙasa ce a rufe. Waliyyi Faransis Zabiya ya kai bishara can a 1549, jama'a masu yawa kuma suka karɓi baftisma. Amma masu mulki suka ji tsoron kada addinin ya zama hanyar da Turawa za su bi su cinye ƙasar. A 1614 aka haramta addinin Kirista, aka kori limamai, aka kashe waɗanda suka ƙi tafiya. Daga 1639 aka rufe ƙofa gaba ɗaya. Ba a bar kowane Bature ya yi ciniki ba sai mutanen Holan, su ma a 1641 aka killace su a kan wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a bakin Nagasaki. Bajafane ba shi da izinin fita, wanda ya fita kuwa ba shi da izinin komowa. A 1708 wani fada ɗan Italiya, Giovanni Sidotti, ya sauka shi kaɗai a wani tsibiri na kudu. Aka kama shi, ya mutu a kurkuku a 1714. Wannan ita ce ƙasar da saurayi MacDonald ya ƙudura a ransa sai ya shiga.

Dalilansa biyu ne. Na farko, ya ɗauka akwai dangantakar jini tsakanin mutanen mahaifiyarsa da Jafanawa. Na biyu, ya hango cewa ko ba daɗe ko ba jima sai an buɗe ƙasar, ran nan kuwa za a nemi wanda ya san harsunan ɓangarorin biyu. A 1845 ya shiga wani jirgi mai suna Plymouth, irin jiragen da ke farautar manyan kifayen teku waɗanda ake tatsar mansu a zuba a fitila. Ya yi yarjejeniya da kyaftin ɗin cewa idan sun kusato Jafan zai bar masa rabonsa na ribar tafiyar, a maimakonsa a ba shi ƙaramin kwalekwale da guzuri. A ƙarshen watan Yuni 1848, yana da shekara 24, aka sauke shi a teku shi kaɗai. Cikin kayansa akwai akwati mai littattafai, har da Littafi Mai Tsarki da ƙamus da littafin nahawu. Da ya kusa tsibirin Rishiri, can arewacin ƙasar, ya kifar da kwalekwalen da gangan don a ɗauka hatsari ne ya jefo shi, gama ya san an fi tausaya wa wanda teku ta jefo bisa ga wanda ya zo da niyya. Masunta 'yan ƙabilar Ainu suka tsamo shi. A can baya kuwa labari ya bazu cewa ya mutu a ruwa.

Hukuma ta yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har aka kawo shi Nagasaki a watan Oktoba. A nan ne ya gamu da abin da ya fi shafarmu a labarinsa. Tun wajen shekara ta 1629 masu mulki suka ƙirƙiro wata hanya ta gano Kiristoci a ɓoye: a ajiye hoton Ubangijinmu ko na Uwargida Maryamu a ƙasa, a ce kowa ya taka. Mutanen Nagasaki sukan yi wannan kowace sabuwar shekara, gida gida, har tsofaffi da marasa lafiya. Kafin a shigar da MacDonald gaban gwamna, wani saurayin tafinta mai suna Moriyama Einosuke ya gargaɗe shi cewa zai ga faifan ƙarfe a bakin ƙofa, lalle ne ya ɗora ƙafa a kai. Hoton Budurwa Maryamu ne da Jaririnta. MacDonald ya taka. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bai yi jinkiri ba, domin shi ɗan Furotesta ne, ba ya girmama hotuna.

Amma da gwamna ya tambaye shi ko ya gaskata da Allah, ya amsa ya gaskata. Da aka nemi ƙarin bayani, sai ya fara karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, wadda mu ma muke karantawa a farkon Rosari. Yana isowa wurin sunan Yesu Kristi da haihuwarsa daga Budurwa Maryamu, Moriyama ya tsayar da shi a hankali, bai kuwa fassara wa gwamna wannan sashe ba. Tafintan ya san hatsarin da ke cikin waɗannan kalmomi, ya rufa wa baƙon asiri, ko da yake shi ma yana iya shiga uku in an gane.

Ba za mu yabi takawar nan ba, gama shahidan Jafan da yawa sun zaɓi mutuwa a kan su yi ta. Amma kafin mu yanke wa mutumin hukunci, sai mu tuna cewa 'yan mil kaɗan daga inda yake tsaye, a ƙauyen Urakami, akwai iyalai 'yan Katolika da suka riƙe bangaskiya a ɓoye fiye da shekara 200 ba fada, ba Misa. Su ma kowace shekara ana tilasta musu su taka hoton, sa'an nan su koma gida su yi addu'ar tuba. MacDonald bai san suna nan ba, su ma ba su san da shi ba. Sai ran 17 ga Maris 1865 wasunsu suka shiga sabuwar majami'ar Oura, suka bayyana kansu ga Fada Bernard Petitjean, suna tambayar inda siffar Maryamu take. Bayan haka aka kwashe fiye da mutum 3,000 daga Urakami aka warwatsa su cikin ƙasa, ɗaruruwa suka mutu, kafin a janye haramcin a 1873. Allah ne kaɗai ya san nauyin da ke zuciyar kowane mai ɗora ƙafa a kan wannan faifai.

Aka tsare MacDonald a wani ɗan ƙaramin ɗaki a harabar wani wurin ibada na addinin Buda, aka kange shi da sandunan katako. A nan ne kurkuku ta zama makaranta. Gwamnati ta daɗe tana bukatar masu jin Turanci. A 1808 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Phaeton ya kutsa cikin tashar Nagasaki, aka rasa yadda za a yi da shi, har gwamnan garin ya kashe kansa don kunya. Daga nan aka umarci tafintoci, waɗanda harshen Holan suka gada daga iyayensu, su koyi Turanci. Suka koya daga bakin wani mutumin Holan da kuma daga littattafai, har suka haɗa ƙamus a 1814. Sai dai sun san kalmomin a takarda, ba su taɓa jin yadda masu harshen suke furta su ba. Ga shi yanzu teku ta kawo musu mai harshen har gida.

Tafintoci 14 aka turo masa. Kusan kullum sukan zo su zauna a gaban sandunan, shi yana ciki su suna waje. Kowa ya karanta nasa da ƙarfi, malamin ya gyara masa lafazi, ya bayyana ma'anar kalma da ginin jimla gwargwadon ɗan Jafanancin da ya tsinta. Ya lura harafin L yana ba su wuya, sukan mai da shi R, kuma sukan ƙara wasali a bayan baƙi, kamar yadda mu ma muka mai da wasu kalmomin Turanci suka zama tebur da bokiti. Ya lura kuma nahawu ba ya ba su wahala, suna da saurin fahimta. Shi ma bai zauna haka kawai ba. Ya riƙa rubuta kalmomin Jafananci yadda kunnensa ya ji su, har ya tara jeri mai tsawo. Ɗalibansa sun zama malamansa, ladabinsa kuma ya sa masu gadi suka saki jiki da shi. A daidai wannan lokaci akwai wasu matuƙan jirgi Amurkawa da ake tsare da su a garin, waɗanda suka yi ta ƙoƙarin gudu, aka tsananta musu. Shi kuwa zamansa lafiya lau.

Makarantar ba ta wuce wata shida da 'yan kwanaki ba. A watan Afrilu 1849 jirgin yaƙin Amurka mai suna Preble, a ƙarƙashin James Glynn, ya zo ya ɗauke shi tare da sauran matuƙan. Amma irin da ya shuka ya tsiro. A 1853 Matthew Perry ya zo da jiragen yaƙi yana neman a buɗe ƙasar, ya komo a 1854 aka ƙulla yarjejeniyar Kanagawa. Babban tafintan Jafan a wannan zama shi ne Moriyama. Yawancin shawarwarin ta harshen Holan aka yi su, amma Turancinsa ya ba Amurkawa mamaki, cikin tambayoyinsa kuwa har da ta lafiyar tsohon malaminsa. Shi ne kuma ya yi tafinta a zaman da ya kai ga yarjejeniyar ciniki ta 1858.

Malamin kansa bai ci moriyar komai ba. Ya yi haƙar zinariya a Ostareliya, ya komo Kanada a 1853 ya tarar mahaifinsa ya rasu, ya gwada sana'o'i iri iri a yammacin ƙasar ba tare da ya tara dukiya ba. Bai sake ganin Jafan ba. Ya rasu a watan Agusta 1894 kusa da Toroda a jihar Washington, yana da shekara 70. Littafin da ya rubuta na tarihinsa bai sami mai bugawa ba sai a 1923. Daga baya aka kafa duwatsun tunawa da shi a Rishiri da Nagasaki da Astoria.

'Yan'uwa, kada matasanmu su ɗauki wannan labari kamar izini ne na jefa kai cikin hatsari. Zamani ya sake. Shirin JET, wanda gwamnatin Jafan ta kafa a 1987 don ɗauko matasa daga waje su taimaka a darasin Turanci, sharaɗinsa digiri ne. Da MacDonald zai nema, da ba a ɗauke shi ba. Duk dillalin da ya yi wa ɗanmu alkawarin aikin koyarwa a ƙasar waje ba takarda ba izini, sai a bincike shi da kyau kafin a sayar da gona. Wanda ya sami hanyar ƙaro karatu, ya riƙe ta hannu biyu.

Amma kada kuma mu raina malamin da ba shi da babbar takarda. Yawancinmu a hannun irinsu muka koyi baƙi da wasali da addu'o'in farko: katikis na ƙauye da malaman firamare waɗanda ba su ga jami'a ba, amma sun san abin da suke koyarwa, suna da haƙuri, suna girmama yaran da ke gabansu. Da waɗannan abubuwa uku fursuna ya koyar da tafintocin sarki daga bayan sanduna. In akwai irin wannan tsohon malami da rai a unguwarmu, mu je mu gaishe shi, mu tambayi lafiyarsa kamar yadda Moriyama ya yi. Waliyyi Bulus Miki da abokansa su yi addu'a dominmu, da domin dukan masu koyarwa. Amin.