Ibn Khaldun, Malamin Da Ya Binciki Tashin Dauloli Da Faɗuwarsu

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibn Khaldun. An haife shi a birnin Tunis cikin watan Azumi na shekarar 732 ta Hijira, watau 1332 ta Miladiyya. Kakanninsa mutanen Ishbiliya ne ta ƙasar Andalus, amma sun ƙaura kafin birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1248. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta fiƙihun Malikiyya da nahawu da hisabi. Bai cika shekara 20 ba annoba ta auka wa Tunis a 1348, ta ɗauke mahaifansa da malamansa da dama.

Daga nan sai ya shiga hidimar sarakuna, aikin da bai taɓa ba shi kwanciyar hankali ba. Sarkin Fas, Abu Inan, ya ɗauke shi magatakarda, sa'an nan ya ɗaure shi kusan shekara 2 bisa zargin makirci. Sarkin Garnada ya aike shi jakada wurin Sarki Pedro a 1364, a Ishbiliyar nan ta kakanninsa. Daga bisani sarakunan Magrib suka riƙa tura shi cikin Larabawa makiyaya don ya samo musu mayaƙa. Ta haka ya san zaman fada, ya kuma san zaman tanti, ba da jin labari ba.

A 1375 ya gaji, ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu. A can ne, a 1377, ya rubuta Muƙaddima cikin wata 5, ita ce gabatarwar babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Abin da ya bayyana a ciki shi ne, zaman daji ya riga zaman birni. Makiyayi da manomi ba su neman abin da ya wuce larura, wahala kuwa ta kan sa su jarunta da riƙon juna. Wannan riƙon juna shi ya kira asabiyya, kuma da shi ne mutanen daji ke cin birane su kafa mulki, musamman idan kiran addini ya haɗa zukatansu. Da an zauna a birni sai sana'o'i su yawaita: gini, sassaƙa, saƙa, ɗinki, likitanci, rubutun littattafai. Ya lura cewa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko da gurasar yini guda sai da maƙeri da masassaƙi da magini tukwane, amma idan aka raba aiki sai a sami rarar da ta wuce bukata. Bai ga zamanin injuna da masana'antu ba, gama sai bayan ƙarni kusan 4 suka bayyana a Ingila, amma rabon aikin da suka dogara a kansa ya riga ya fayyace shi.

To, a ganinsa, cikin wadatar nan cutar take. Jikokin mayaƙa su kan tashi cikin ni'ima, su manta wuya, su ɗauki sojan haya. Kashe kuɗi ya ƙaru, a tsananta haraji, masu sana'a su karaya, abin da ke shiga baitulmali ya ragu. Ya ƙiyasta cewa daula ba ta cika wuce shekara 120 ba kafin waɗansu mutanen daji su zo su gaje ta. Ba kowace daula ce ta bi wannan lissafi ba, amma wanda ya karanta tarihin Magrib zai ga inda ya samo shi. Mu ma a Afirka ta Yamma muna da bashinsa a kanmu, domin a littafinsa ne aka sami jerin sarakunan Mali, har da Mansa Musa.

A 1382 ya koma Masar, ya karantar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Malikiyya a 1384. A shekarar ne jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. A 1401, lokacin da Taimur ya kewaye Dimashƙa da yaƙi, aka zuro dattijon da igiya ta kan ganuwa ya je ya gana da shi, suka yi kwanaki suna tattauna tarihi. Ya rasu a Alƙahira cikin watan Azumi na 808, watau 1406, yana kan kujerar alƙalanci karo na 6, aka rufe shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen Babun Nasri. Allah Ya jiƙansa.